Tsohuwar Laftof da Injin Farfesa

Fankar laftof ɗin ta fara kuka tun kafin a yi motsi na goma, sai Auta ta ɗaga laftof ɗin ta saka littattafai biyu a ƙarƙashi don iska ta shiga. Ta yayanta ce, shekararta tara, maɓallan harafi uku sun ɓalle.

A ɗaya gefen teburin kuwa sabon injin sashen ne, baƙi wuluk, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. A cikinsa aka sa manhajar wasan ces, wato darar Turawa, wadda Farfesa, shugaban sashen, ya rubuta tun yana da gashi a ka. Shekara guda Auta ta yi tana rubuta tata manhajar a matsayin aikin kammala digiri, shi kuma ya ce ɓata lokaci ne, ƙarfin kwamfuta a ces inji ne kawai. Sai da baƙon malamin da ya zo duba ayyukan ɗalibai ya sa baki aka yarda a gwada: wasa uku. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara.

"'Yata, nawa naki yake dubawa a daƙiƙa?" Farfesa ya tambaya yana murmushi.

"Motsi dubu ɗari biyu, ranka ya daɗe."

"Nawa miliyan arba'in. Allah ya ba da sa'a."

Tsoro ya kama ta sosai. Amma ta san abin da ta gina. Ta Farfesa komai sai ta leƙa, har motsin da mahaukaci ba zai yi ba. Tata kuwa ta koya mata ta watsar da shirme tun daga bakin ƙofa, ta bi hanya biyu ko uku har ƙarshensu.

A motsi na ashirin da uku laftof ɗin ta ba da dokinta a banza. Farfesa ya yi dariya har da buga tebur. Motsi tara bayan nan dariyar ta ɗauke, don sarkinsa ya shiga lungu ba mafita.

Wasa na biyu aka yi canjaras. Na uku ko awa bai kai ba, babban injin ya sallama.

Auta ta so ta yi ihu, ta danne, daɗi ya cika ta har hawaye. Baƙon malamin ya sa hannu a takardarta, ya juyo.

"Farfesa, don adalci mu musanya mana. A ɗora tata a babban injin, taka a wannan tsohuwar."

Farfesa ya kalli allon. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"A'a, Malam, a bar ni da sauran mutuncina," ya ce. Ya tura wa Auta makullin ɗakin injin. "Gobe ki zo da wuri. Ni za ki fara koya wa."