Kwana Uku Dada Ba Ta Ci Ba

Ukamaka ta yanki lomar tuwo, ta dangwali miya, ta haɗiye a gaban tsohuwar, sannan ta tura mata kwanon.

"Dada, ka ci. Ka gani na ci, ba komai ciki," ta ce da gurguwar Hausarta.

Tsohuwar ta yi murmushi, ta kau da kai gefen bango. Kwana uku ke nan ana haka, ruwa kawai take kurɓa.

Jibrilla, direban da ke kai wa Ukamaka kayan shago Mubi, shi ya kawo mahaifiyar tasa gidan Ukamaka da ke unguwar Dubeli ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Ya ce amana ce, ya juya neman matarsa. Tun ran nan wayarsa ba ta shiga.

Ukamaka dai ta yi iyakar abin da ta sani. A garinsu, mai gida ke fara ɗanɗana abinci a gaban baƙo, kuma a zauna da shi har ya gama, don barin baƙo shi kaɗai da kwano wulaƙanci ne. Ta ɗauka miyar agushi ce ba ta yi ba, ta koma ta kuka. Ta ce ko don ita Kirista ce, ta sayo sabuwar tukunya, ta kai kaza wani malami ya yanka. Duk a banza. Kanta ya ɗaure, ga tsoro, don yau da safe sai da ta riƙe tsohuwar kafin ta iya miƙewa. Me za ta gaya wa Jibrilla in ya dawo ya tarar uwarsa ta tsira daga bindiga ta mutu da yunwa a ɗakinta?

Ta leƙa ta katanga ta kira Munirat, tela maƙwabciyarta mai jin Fulatanci.

"Tambaye shi, me na yi masa? Abincina yana wari ne?"

Munirat ta durƙusa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Can sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Madam, kullum a nan kike zama in kin kawo abinci?"

"To ina zan je? Baƙo ne."

"Dattijuwar Fulani ba ta tauna a gaban wanda take jin kunya, ko yunwa za ta kashe ta. Sannan ta ce tausayinki take ji."

"Ni?"

"Ta ce kullum sai kin ɗebi loma, ki zauna kina kallon kwanon. Ta ɗauka abincin gidan ke nan duka, kin hana cikinki kin ba ta. Shi ya sa take bar miki."

Ukamaka ta dubi jikinta, mace mai cika kujera, ta dubi tsohuwar da iska za ta iya ɗauka. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Ta ɗumamo miyar, ta dire kwanon ba ta taɓa ba. Ƙafarta ta yi nauyi a bakin ƙofa, don da uwarta ta ga wannan rashin tarbiyya da ta sha zagi. Ta fita, ta ja ƙofar, ta tsaya a rana tana jin kunyar kanta.

An jima kaɗan ta ji ƙarar murfin kwano.