Yatsun Aƙilu

Sabuwa tana suyar ƙosai a kasuwar Galma aka zo mata da labari. Faifan injin yankan ƙarfe ya tsage a santar ɗin koyon sana'a na Madawa, ya ɗauke wa ɗanta Aƙilu yatsu biyu na hannun dama. Shi kaɗai marigayi mijinta ya bar mata. Ta bar kasko bisa wuta ta hau kabu-kabu.

A gidan likita ta tarar an ɗaure hannun, an sayi magani, ga wani dattijo bakin gado yana yi masa fifita.

"Ni ne Hamani, darektan santar," in ji dattijon. "Sai haƙuri, malama. Gwamnati za ta biya shi diyya."

Sabuwa ta gyara lulluɓi. "Malam, mu ba mu saida jini. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Kuma ba wanda ya yi da gangan."

"Haka ne. Amma da yatsu goma kika damƙa mana shi."

Ta ƙi dai. Da aka sallami Aƙilu ta tafi da shi gida.

Malam Hamani bai fasa ba. Ran Juma'a ya biyo su Galma, ya nemo Barmo, wan mijin Sabuwa, suka zauna a zaure da ita da Aƙilu. Barmo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Sabuwa, kunyarki ba ta ciyar da shi gobe. Hakkinshi ne, ba naki ba. A tambaye shi."

Aƙilu ya sunkuyar da kai. "Baba, in ana iyawa, injin ban ruwa nika so. Lambun mahaifina ya daɗe kwance."

Sabuwa ta yarda. Maganar diyyar ta ja lokaci, har ta fidda rai. Sai bayan girbi motar santar ta tsaya ƙofar gidanta da inji sabo fil da tiyonsa. Aka kuma mai da Aƙilu ajin gyaran injuna, inda hannun hagu ya soma koyon riƙon sifana.

Ranar da ruwa ya fara gudu cikin fangali, Sabuwa ta tsaya da ƙafafu a laka tana ta sa albarka.

Buhun albasa na farko ta kai shi santar da kanta. Malam Hamani ya ce ba ya karɓa.

"Wa ya ce naka ne?" in ji ta. "Na tukunyar yaran nan ne. Kai addu'a ce rabonka, kuma kullum kana samu."