Buji a Aljihun Laminu

Akwai halin da ya fi rowa muni, shi ne mutum ya ɗauka in ba hannunsa ba, babu hannun da ya iya komai. Wannan hali shi ya ci Laminu na Guci, mai lambun albasa a bakin fadama.

Laminu yana da injin ban ruwa mai shan esansi, wato fetur. Al'adarsa in ya gama shayar da lambu sai ya kwance buji, ɗan fulogin da ke ba inji wuta, ya jefa aljihu, don kada wani ya tayar da injin a bayan idonsa. Ko masallaci da bujin yake zuwa. Ƙaninsa Ari, uwa ɗaya uba ɗaya, bai taɓa jan igiyar injin nan ba.

Ran nan da hantsi, ya gama dashen albasa ke nan, sai ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa turmi. Aka sa shi a amalanke, daga amalanke sai mota zuwa garin Magariya, daga can aka wuce da shi Damagaram. Hularsa ta faɗi a hanya, takalmi ƙafa ɗaya ya ɓata, amma buji na nan daram.

A asibiti aka yi masa allurar da ta narkar da jinin da ya toshe hanyar zuciya. Da ya farfaɗo ya ji ƙirji sakayau, sai ya fara laluben takalmi.

Likitan, wani siriri mai suna Issoufou, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Gida mana. Ba ka ce hanya ta buɗe ba?"

"Ta buɗe, shi ya sa ma za ka kwanta. Tsokar zuciyarka ta daɗe ba jini, ta galabaita. Dawowar jinin kanta tana iya yi mata rauni, bugunta ya rikice. Ka san mai azumin da ya kafa kai a tulu da an kira magariba? To haka. Muna ba ka magani, muna sauraren bugun, kai kuma naka kwanciya."

Laminu ya kwanta, amma zuciyarsa na fadama. Dashe sabo, rana na dukansa, ba ruwa.

Matarsa Sa'a, da ke jinyarsa, ta ce, "Malam, ba ni bujin nan in ba direban garinmu ya kai wa Ari."

"Ari? Wanda ko rediyo ya taɓa sai ta yi mura? Zai shanye mini esansi, ya ƙone mini inji."

"To ka ba shi zuciyar ya riƙe maka, kai ka je ka yi ban ruwan."

"Ke dai bakinki ya fi allurar nan zafi."

Ari da kansa ya yi waya. "Yaya, da guga nake ta fama, bayana ya kusa karyewa, rabin lambu ma ban kai ba. Ka aiko abin nan don Allah."

Laminu ya ce, "Guga ai ba ta shan esansi. Ci gaba."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Rannan Sa'a ta fita sayen koko, Laminu ya zare robar ƙarin ruwa daga hannunsa, ya zura takalmin wankanta da ta bari, ya nufi tasha. La'asar ta yi masa a lambu. Ƙasa ta tsattsage, albasa ta kwanta kamar gashin tsohuwa.

Ari ya ce, "Yaya, zauna a inuwa. Zan sako ruwan kaɗan-kaɗan, fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta sha tukuna."

"Matsa can. Lambu na mutuwa kana zancen kaɗan-kaɗan."

Ya ɗaura buji, ya ja igiya, inji ya yi tari ya ƙi. Ya sake ja. A ja na gaba inji ya tashi, Laminu ya murɗe shi har ƙarshe. Ruwa ya fito da ƙarfinsa, ya fasa kunyoyi, ya tumɓuke dashen da saiwarsa ba ta kama ba, ya kwashe shi zuwa gonar raken maƙwabci. Shi kuwa Laminu bai ga ƙarshen abin ba, don turmin nan ya dawo masa ƙirji. Ya durƙushe cikin taɓo da takalmin mata a ƙafa. Ari ne ya kashe injin, karo na farko da ya taɓa shi, sannan ya kira amalanke.

Allah ya yi da sauran kwana, likita Issoufou ya sake ceto shi, amma ya gaya masa a fili cewa wani yanki na zuciyar ya tafi, ba ya dawowa.

Ga lissafin abin da Laminu ya rasa. Fangali goma sha huɗu na albasa, ruwa ya ci. Rago biyu da tunkiya, an sayar don mota da magani. Jan igiya da ɗaukar buhu, an hana shi har abada. Lambun kuma yanzu Ari ke nomawa, ana raba amfanin biyu.