Ganye a Gidan Mahauci

Da hantsi tsohon mahaucin ya fiddo wuƙaƙensa ya jera a kan teburin kicin, ya dube su, sannan ya mayar da su cikin durowa. Yau ba ranarsu ba ce. Abin da ke gabansa dami ne na ganyen ɗoɗɗoya, da taliya mai murɗe-murɗe, da ƙananan tumatir, da kwalbar man zaitun, da wani dunƙulen cuku mai tauri kamar sabulun da ya shekara a kanti.

Jikarsa ce za ta zo cin abincin rana. Zomo yake kiranta, don tun tana 'yar firamare ta bar cin nama. Wata safiya ta bi shi mayanka, ta ga abin da ake yi wa maraƙi, ta dawo gida ta rufe bakinta. Daga ranar ko ruwa aka ba ta a gidansa sai ta sansana kofin. Yanzu ta girma, za ta tafi karatu wata ƙasa mai nisa, irin karatun da tsofaffi kan ƙare kafin ya ƙare. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, labarin da ya sani tun ranar da aka fita da gawar matarsa. Abu ɗaya yake so: yarinyar nan ta ci wani abu daga hannunsa kafin ta tafi.

Jiya da kanta ta kawo kayan.

"Tsoho, festo ake ce masa. Ganye, tafarnuwa, gyaɗa, mai, sai ka goga cukun nan a ciki. Ka daka a hankali, ba ƙashin saniya ba ne. Kuma in na ji ƙarnin nama ko kaɗan, na fasa aurenka."

"Wa zai auri mace mai kiwo a tukunyar furanni?" in ji shi. "Je ki, Zomo, kada dare ya yi kura ta ɗauka ke abincinta ce."

Matsalar ita ce komai na gidan ya sha kitse. Katakon yanka, tukwane, har cokulan katako, duk ƙamshin sana'arsa ya shige su. Sai can ƙasan kabad ya samo ƙaramin turmin dutse na marigayiya, wanda bai taɓa ganin komai ba sai kayan yaji. Tukunya da 'yar wuƙa kuwa ya aro a wajen maƙwabciya, wadda ta miƙo masa tana kallonsa kamar mai shirin kiran 'ya'yansa a waya.

Ya dafa taliyar, ya tace, ya zuba mata ruwan sanyi, ya ɗiga mata mai don kada ta manne. Ya soya gyaɗar sama-sama. Sannan ya zauna a kujera ya rungumi turmin tsakanin gwiwoyinsa. Tafarnuwa da gishiri tukuna, sai gyaɗa, sai ganye kaɗan-kaɗan. Hannun da ya saba sara ya ƙi yarda da lallashi, sai da ya tuno yadda matarsa ke juya taɓarya a jikin turmi kamar mai shafa bayan jariri.

Ƙamshi ya tashi. Kore ne shar, in dai ƙamshi yana da launi, irin na fadama bayan yayyafi. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tayil. Taɓarya tana zagayawa, idonsa yana lumshewa, sai ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa.

Shanu ne. Sun shigo ba sallama, sun cika kicin ɗin, ƙahoninsu na gogar silin ba tare da ƙara ba. Ya gane su, waɗanda ya yanka ne. Ga farar nan mai tabo a goshi, ga bijimin da ya kusa karya masa ƙafa, ga wasu a bayansu har falo, har matattakalar bene, har titi. Babu mai fushi a cikinsu. Wannan ne ma ya fi damunsa. Da fushi suka zo da shi, da ya san abin da zai ce. Wuyansu lafiya ƙalau, suna tuƙa, suna leƙa turmin kamar baƙin da aka gayyata. A bakin ƙofa marigayiya na tsaye, tana kore ƙuda daga kunnen wata karsana, ba ta ko dube shi ba. Haka take yi dama in yana aikin da take ganin ba zai iya ba.

Ya miƙa hannu ya ɗauko cukun da magogi. Wani ɗan maraƙi ya matso ya ɗora hancinsa a kai. Tsohon ya kai cukun nasa hancin, ya tsaya.

Ya san wannan warin. Shekaru da yawa masu yin irin wannan cuku suna zuwa mayanka da asuba, su karɓi tumbin maraƙin da bai bar shan nono ba, da shi suke daskarar da madara. Da hannunsa yake ciro musu, ya wanke, ya barbaɗa gishiri.

In ya goga, za ta ci ta yaba, ba za ta taɓa sani ba. In bai goga ba za ta tambaya, kuma amsar za ta dawo da mayanka kan teburin, a ranar da ya wahala ya fitar da ita. Ya daɗe riƙe da magogin. Maraƙin yana kallonsa da idon da bai san komai ba.

Ya nannaɗe cukun a takardarsa ya ajiye. Ya ƙara gyaɗa, ya matsa lemun tsami, ya tsiyaya mai har haɗin ya yi laushi yana sheƙi. Ya juye a kan taliyar, ya raba tumatir da 'yar wuƙar maƙwabciya, wuƙar da ko tsiya ba ta yankawa, ya gauraya.

Zomo ta iso da azahar. Ta sansana iska, ta sansana faranti, ta zauna.

"Angona ya yi ƙoƙari. Kore kamar gaske." Ta ɗebi kaɗan, ta taɓa da harshe, ta ajiye cokalin. "Ina cukuna? Ko ka cinye ne, tsohon ɓera?"

Ƙarya tana nan kusa, ita ma ta ba shi ita kyauta. Ya dubi maraƙin da ke tsaye a bayan kujerarta.

"Da tumbin maraƙi ake yin sa," ya ce. "Ni nake ciro musu."

Agogon falo yana ta aikinsa na banza. Tsohon ya kafa ido a kan jakarta da ke rataye a kujera, yana jiran hannunta ya kai gare ta.

"Na taɓa jin ana faɗa," ta ce a hankali. "Na toshe kunnena, don ina son sa." Ta ɗago ta dube shi. "Da ka sa, ai ba zan gane ba."

"Ni zan gane."

Ta juya cokalin a hannunta. Sannan ta cika shi, ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye. Yana kallon maƙogwaronta kamar mai kallon jinjirin wata.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta. "Tafarnuwar kuma za ta kori duk wanda zai zauna kusa da ni a jirgi."

"Dama nufina ke nan. Kishi nake."

Ta tura masa farantin. "Ƙaro min. Kai ma zauna ka ci, ciyawa ba ta taɓa kashe bijimi ba."

Ya zauna. Shanun suka fara juyawa suna fita ta taga, a hankali, zuwa cikin hasken rana. Maraƙin ne na ƙarshe. Ya tsaya ya lashe gefen turmin kafin ya bi su. Tsohon ya kai loma baki. Ganye ne dai, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Ya sake ɗiba.