Teburin Bayan Ginshiƙi

Ni direba ne, ba ni da tebur a ofis, don haka da aka ce za a rushe bangwayen hawa na biyu ban ga abin da ya shafe ni ba. Dogo ne ya kasa cin abinci ranar.

Dogo akawu ne, shi ke shigar da takardun kaya a kwamfuta. Tare muka tsufa a kamfanin, shi a ɗakinsa na ƙarshen baranda, ni a mota. Ɗakin ɗan ƙarami ne, taga ɗaya, fanka mai kuka, da ƙofar katako da sai ka sa kafaɗa take rufuwa. Nan nake zuwa da rana mu ci abinci, kuma nan na fara ganin hannunsa na hagu yana rawa. Ya ɗora shi a cinya yana karkarwa kamar injin da aka bari a kunne. Da ya ga ina kallo sai ya ce, "Sarkin Gudu, kalli kwanonka." Haka yake kirana, wai don ko keke ban taɓa wucewa a hanya ba.

Asibiti sun ba shi ƙwayoyi, sun ce ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Matarsa ta sani, ni na sani. Ya ce bai yarda kowa ya ji ba, musamman Auta, 'yarsa, wadda tana gidan mijinta kuma tana aiki a sashen kuɗi na kamfaninmu.

"Yarinyar nan tana ƙarama a wuyana nake ɗaukarta," in ji shi. "Ba za ta riƙe mini kofi ina da rai ba."

Dabararsa ɗaya ce. In abin ya motsa sai ya tura ƙofa, ya zauna a kan hannun har ya lafa, ya ci gaba da bugawa da na dama. Aikinsa bai taɓa kwana ba.

Sai aka kawo sabon manaja, yaro mai fara'a, ba mugu ba. Ya ce ƙofofi ne ke raba kan ma'aikata. Aka fasa bango, aka kwashe ƙofofi a bayan mota, aka mai da hawan gaba ɗaya falo guda. Dogayen tebura farare, fitilu kamar ɗakin tiyata, gilashi ta ko'ina. Aka kuma kafa doka: babu mai tebur. Wanda ya riga zuwa ya zauna inda ya so, da yamma kowa ya kwashe kayansa ya kulle a loka. Har da ɗakin hutu aka yi, shi ma na gilashi, da wasu manyan matasai a ƙasa waɗanda in dattijo ya zauna sai an ciro shi.

Ginshiƙi ɗaya ne suka kasa cirewa, don shi ke riƙe da rufin. A bayansa akwai ɗan tebur da ya rage, gefen hagunsa a jikin siminti. Dogo ya gan shi tun ranar farko. Daga nan ya koma yin sammako, tare da masu shara yake isowa ofis don ya riga kowa.

Abin ya tafi daidai na wani lokaci, har samarin ofis suka gane cewa bayan ginshiƙi manaja ba ya hango mai latsa waya. Akwai wani da muke kira Ɗan Gayu, yana da babur, gidansu kusa. Dogo kuwa mota biyu yake hawa. Wata safiya na hau sama karɓar makulli na tarar da Ɗan Gayu a wurin ya miƙe ƙafa, Dogo yana tsaye da jaka.

"Baba Dogo, yau na riga ka," in ji shi yana dariya. "Doka ce. Zo tsakiya ka sha haske, kullum kana lungu kamar mai laifi."

Dogo ya zauna a tsakiyar dogon tebur, Auta tana fuskantarsa daga ɗaya gefen. Wuni guda hannunsa na cikin aljihu. Bai sha shayi ba, bai sha ƙwayarsa ba, don ko'ina ya juya ido ne. Da aka tashi na gan shi a matakala, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kafaɗarsa ta ƙage.

Na ce, "Gobe ni zan kama maka wurin."

Da ma da sassafe nake zuwa wanke mota. Sai na riƙa hawa in zauna a kujerar har ya iso. Ɗan Gayu ya zo ya same ni.

"Kawu, yaushe aka yi maka ƙarin girma?"

"Jiya da daddare. Ba a aiko maka ba?"

"Kwamfutar ma a kashe take."

"Ai ita ma hutawa take, kamar kai."

Aka yi dariya, amma magana ta kai ga manaja. Ya kira ni, ya ce a hankali ba a kama wa wani wuri, in an bar ɗaya kowa zai yi. Na ce, "Yallaɓai, tsoho ne, ya saba da lungu." Ya ce ai sabon ne ake so a canza. Ban ƙara ba, don abin da zan ƙara ba nawa ba ne.

Makonnin da suka biyo baya Dogo ya rame. Ran da ya samu ginshiƙi, lafiya lau. Ran da bai samu ba, bayi ya zama ɗakinsa, ya shiga ya kulle ya zauna a kan hannunsa, ya fito ana kallon agogo. Aikinsa ya fara kwana. Abinci ma a mota muke ci, a bayan gini, ya daina zolayata. Rannan a tsakiyar falo ya manta ya ɗauki kofi da hagu. Shayi ya malale a kan farin teburin nan, ya bi ta ƙarƙashin takardun mutane. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai yana buga abin da ba ya bugawa. Auta ce ta tashi ta kawo tsumma, ya karɓe, ya ce, "Koma aikinki."

Ran Litinin na hau sama na tarar an gyara teburin bayan ginshiƙi. An sa sabuwar kujera mai hannu, an liƙa wani shuɗin allo a jikin ginshiƙin, babba, da hoton mutum a keken guragu. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan ba ya buƙatar karatu. Daga bakin matakala ake hango shi.

Dogo ya shigo, falo ya riga ya cika. Manaja ya taso da murmushi.

"Baba, daga yau wurin nan naka ne, ba mai taɓa shi. Da ka faɗa mana tun wuri ai da ba ka sha wahala ba."

Ɗan Gayu ya miƙe ya ja masa kujerar, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, wallahi ban sani ba."

Dogo ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo ya kalle ni. Na girgiza kai, alamar ba ni na faɗa ba. Sai ya kalli Auta. Tana tsaye a bakin teburinta, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ni ce," ta ce. "Na daɗe da sani. Na gaji da ganin kana shiga bayi kana..."

Ba ta ƙarasa ba. A falon nan ko raɗa ka yi sai an ji.

Ya ce wa manaja, "Na gode, yallaɓai. Kujerar ta yi kyau." Bai zauna ba. Ya je loka ya buɗe da hannu ɗaya, ya kwashe kofinsa da tabarau da silifas ya zuba a jaka, ya bar makullin a jiki. Auta ta biyo shi har matakala tana cewa Baba, Baba. Ya tsaya ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Koma, ana kallonki."

Ban nemi izini ba, na tada motar kamfani. Ya zauna a gaba, jakar a ƙafarsa. Muka yi nisa. Can ya ciro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, ya bar shi yana ta yi.

Na ce, "Yarinyar nan don kai ta yi."

"Na sani."

"To gobe in biyo in ɗauke ka?"

Ya kalli titi. "Ka dai riƙa leƙa ta," ya ce. "Ba ta cin abinci in ranta ya ɓaci."