Sai Kawu Ya Ɗanɗana

Gurjiyar ta iso unguwar Nuzla a Jidda ranar Laraba da yamma, a cikin wani ɗan buhu da aka ɗinke bakinsa da zare. Wani ɗan garinsu da ya dawo daga hutu ne ya kawo wa Mato, ya ce daga gonar Inna, mahaifiyar Mato, take. Ɗanya ce, sabuwar tono, ƙasar Tasawa ma ba ta gama kakkaɓewa daga ɓawonta ba. Saƙon da Inna ta haɗo da shi gajere ne: a fara kai wa Na'ibi.

A Jidda ba a ganin kaka. Ba dami, ba rumbu. Abin da kawai mutum zai lura da shi shi ne zafi ya ɗan sassauta, rumman ɗin Ɗa'if ya cika kasuwa, jama'a sun fara fita bakin teku da dardumai. Mato direba ne, yana tuƙa iyalan wani gida a Abhur, kuma ya daɗe rabonsa da gida. Da ya shinshina buhun sai ya zauna a bakin gado yana ta kallonsa, har matarsa Zakiya ta tambaye shi ko rasuwa aka yi.

Kuskurensa shi ne bai gaya mata saƙon Inna ba. Da safe ya fita masallaci, ya tsaya hira, yana dawowa ya tarar ɗakin ya cika da ƙamshi. Zakiya haifaffiyar Jidda ce, ba ta taɓa cin ɗanyar gurjiya ba sai dai labarinta a bakin kakarta. Ga shi tana da ciki, cikin kuma mai kwaɗayi. Ta wanke, ta dafa duka da gishiri, ta tsame, ta ɗauki guda ɗaya tana hura mata iska.

"Ajiye!" in ji Mato daga bakin ƙofa.

"Bismillahi. Me ya faru, Malam?"

Malam take ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda tsofaffin littattafan da yake sayowa a Balad, tsohon garin Jidda, yana karantawa a mota in yana jiran uwar gida.

Ya yi mata bayani. A gidan su Inna ba a sa sabon amfanin gona a baki sai babban gida ya fara ɗanɗanawa ya sa albarka. Babban gida a wannan ƙasar kuwa Kawu Na'ibi ne, yayan Inna, tela a Balad.

"A wane littafin ka karanta wannan?"

"Ba ya cikin littafi."

"Halas, ke nan ba laifi."

Nan fa Mato ya tsaya. Ya san ba addini ba ne. Ya sha tambayar kansa ko al'adar gona tana bin mutum ta ƙetare teku, ko kuwa a gonar take tsayawa. Amma maganar uwa ce, kuma ga ɗa yana tafe. Ba ya so a ce abu na farko da jaririn ya ci daga ƙasar kakanninsa an ci shi ne a kan saɓa wa Inna.

Zakiya ta dube shi, ta dubi gurjiyar, ta mayar da ita cikin kwano da ƙarfi.

"Ka ji sharaɗina. In aka kira la'asar Kawu bai ci ba, ni zan ci. Kuma kula a hannuna za ta zauna, ban yarda da kai ba."

Ta juye gurjiyar a kular abinci, ta sa abaya. Alhamis ce, ranar hutunsa, kuma kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, yakan bar masa tsohuwar motar cefane. Mato bai damu ba. Kawu Na'ibi mutum ne da ba a nemansa. Tun kafin a haifi Zakiya yake zaune a bayan keken ɗinki ɗaya, a shago ɗaya, har kujerar ta ɗauki siffarsa.

Suka tarar da shagon a rufe.

Maƙwabcinsa mai sayar da turare ya leƙo yana dariya. "Ba ku ji ba? Likita ya ce sukari ya hau, in bai motsa jiki ba zai mutu a kan keken nan. 'Yarsa Madina ta ɗaura ɗamara. Duk Alhamis sai ta ja shi wani wuri. Wancan makon wajen mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe suka je, ya jefa ƙwallon a layin wasu Larabawa. Yau Kornish suka nufa, can bakin teku. Ta sayo masa farin takalmin gudu."

Mato ya kira wayar Kawu, suka ji tana ƙara a cikin shagon. Ya kira ta Madina, a kashe.

A Kornish suka yi ta tafiya a gefen ruwa, Mato yana duban ƙafafun mutane, Zakiya tana biye da kula a rungume kamar jaririn da bai iso ba. Daga ƙarshe wani mai kamun kifi ya gane wanda suke nema. Ya ce dattijon ya roƙe shi aron fatsa, ya wulwula ta da ƙarfi, ƙugiyar ta cire wa wani mai wucewa rawanin kansa. Bayan an ba da haƙuri, 'yar ta ce kamun kifi zama ne, ba shi likita ya ce ba, suka tari tasi zuwa Abhur wajen jiragen haya.

Suka yi azahar a wani masallaci na bakin hanya. Da Mato ya fito ya tarar da Zakiya a mota, ta buɗe murfin kula ta sa hanci.

"Shaƙa nake yi," in ji ta. "Ko ita ma sai Kawu ya fara?"

Mato ya tayar da mota, tambayar ta shige shi. Har suka isa Abhur yana juya ta.

Wurin jiragen hayar yana bakin wani lungun teku mai kwanciyar ruwa. Ƙananan jirage ne da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, an yi musu kai irin na agwagwa. Mai hayar ya nuna musu wata rawayar agwagwa can nesa. Ya ce tsohon ya faɗa ruwa sau ɗaya wajen kamo hularsa, an tsamo shi, an ce ya fito ya huta, ya rantse ba zai fito ba sai ya iya juyawa da kansa.

Mato ya yi ta ɗaga hannu yana kira, iska tana mayar masa da muryarsa. Shekarunsa da yawa yana kawo mutane Abhur, bai taɓa sa ko yatsa a ruwan ba. A garinsu ruwan da ya fi kowane zurfi tafki ne, shi ma iyakarsa gwiwa.

"Mu jira su fito," in ji shi.

"Ni ba ni da matsala," in ji Zakiya, tana shafa murfin kula. "Ladan ma yana nan yana jira."

Aka ɗaura musu rigunan hana nitsewa, aka ba su koriyar agwagwa. Mato ya shiga da addu'ar hawa abin hawa, ya ƙara da ta shiga jirgi, ya kama taka feda da dukan ƙarfinsa. Agwagwar ta bar gaɓa, ta yi dama, ta ci gaba da yin dama, ta dawo da su gaban mai haya. Ya ɗaga musu hannu. Suka sake zagayowa, ya sake ɗaga musu hannu.

"Direban gidan manya," in ji Zakiya. "Haka kake yi da su a titi?"

"Wannan ba ta da sitiyari!"

Suna cikin wani zagayen aka kira la'asar daga masallacin gaɓa. Zakiya ta buɗe kula. Tururi ya daɗe da ƙarewa, amma ƙamshin yana nan. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa ɓawon da babban yatsa.

Mato ya daina taka feda. Gumi ya jiƙa masa riga. "Kin cika sharaɗinki, ba ni da ta cewa. Amma ga shi can, Zakiya. Kina ganin hularsa."

Ta dubi ƙwayar, ta dubi mijinta, ta yi tsaki. Sannan ta riƙe ƙwayar a tafin hannu, ta kama wani ɗan ƙarfe da ke tsakanin kujerunsu, wanda Mato ya ɗauka na ado ne, ta tura shi hagu.

"Yalla, taka. Kai jaki, ni direba."

Agwagwar ta miƙe.

Kawu Na'ibi yana zaune a jiƙe, tawul a kafaɗa, farin takalmi yana ɗigar ruwa, fuskarsa cike da murna. Madina tana gefensa, ta gaji. Jiragen biyu suka yi karo a hankali, kan agwagwa ya bugi kan agwagwa.

"Mato! Kai ma likita ya kama ka?"

Mato ya gaishe shi yana haki, Zakiya ta rusuna iya yadda kujera ta bari. Ya gaya masa saƙon Inna, ya karɓi kula ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya leƙa ciki. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗauki guda ɗaya ya juya ta a yatsunsa, ya ce wannan ta gonar bayan rijiya ce, ya san ta da jan ɓawonta.

Sannan ya mayar da ita.

"Ai azumi nake yi, ɗan nan. Alhamis ce."

Wata ƙaramar ƙara ta fito daga maƙogwaron Zakiya.

"Wane azumi, ya Baba?" in ji Madina. "Da ka faɗa ruwa rabin tekun nan ka shanye. Ni na ga cikinka ya tashi."

Kawu ya yi tunani. Idonsa ya koma kan kula. "Lallai na haɗiya. Da ɗan dama ma." Ya juya ga Mato. "Kai ne mai karance-karance. Azumina ya karye ko bai karye ba? In ya karye ai shi ke nan, sai mu ci."

Mato ya ji ƙafar Zakiya ta sauka a kan tasa, ta danna.

Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. Kowa a cikin jiragen nan biyu yana son ta: Kawu yana so, Zakiya tana so, shi kansa yana so fiye da kowa, kuma da ita saƙon Inna zai cika. Ba wanda zai je ya duba. Sai dai ya karanta wannan mas'ala, kuma ya tuna ta sarai. Ya ga cewa tun safe yake wahalar da mai ciki don kada a saɓa wa al'adar da ba ta cikin littafi, yanzu kuma ana so ya cika al'adar da ƙarya a kan abin da yake cikin littafin.

"A abin da na karanta, Kawu," in ji shi, yana kallon ruwa, "wanda abu ya shige masa ciki ba da gangan ba a azumin nafila, azuminsa yana nan. Sai ya cika."

Ƙafar Zakiya ta ƙara nauyi, sannan ta ɗaga. Ta rufe kula a hankali.

"Ba komai, Kawu," in ji ta da ƙaramar murya. "Ni dama ba na jin yunwa. Sai magariba."

Kawu ya dube ta. Ya ga hannunta na dama a dunƙule, ya ce ta buɗe. Ta buɗe. Ga ƙwayar da ta ɓare, ta yi laushi saboda riƙo.

"Tun yaushe take ɗauke da wannan kula?"

"Tun safe," in ji Mato.

"Kai dai ɗan uwarka ne. Taurin kai iri ɗaya." Ya miƙa hannu. "Kawo nan, 'yata. Kai kuma Mato, ka ce bai karye ba, to na ji. Bari in karya shi da kaina, da sanina, in rama ranar Litinin. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kai ba ruwanka."

Ya yi bismilla ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe. Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ga gona, ga wadda ta noma, ga wanda yake tafe, suka shafa. Kafin Mato ya sauke hannunsa Zakiya ta kai ta uku.

"Yaya?" in ji Mato.

Ta tura masa kula da gwiwar hannu don ya ɗiba, sannan ta janye ta da sauri.

"Ya Baba, kaɗan! Likita fa!" in ji Madina, ita ma bakinta a cike.

"Likita bai san gurjiya ba," in ji Kawu. Ya ɓare wata, ya ce gishiri bai ji ba, ya sunkuya zai tsoma ta a teku. Madina ta kama shi ta wuyan riga, Mato ya kama ƙafarsa, shi kuwa ya tsoma abinsa, ya ɗago ya jefa a baki, ya ce yanzu ta yi daidai.