Gefen Mayafin Barira

"Huɗu nic ce maki, Jummai, ba biyu ba," in ji Barira daga kan tabarma, tari yana sare mata magana. "Babban ƙyalle za ki yanka, ki ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ki koma ratsawa. In kinka yi biyu, gefe na buɗe baki."

"To, Inna," in ji Jummai. Irin to ɗin nan ne da ake ce wa tsoho don ya yi shiru.

Shekara biyu Barira tana haɗa mayafin nan domin 'yarta Mariama, wadda ke aure a Dahome, hayin iyaka. Ƙananan ƙyallaye ne, baƙi na bin fari, amma ba ta jera su a zaune yadda kowa ke yi. Kowanne a kan kusurwarsa take tsayar da shi, ta ɗinke su layi-layi a karkace. Duk Bagudo an san hannunta, kuma ba ta da wani abin tinƙaho a duniya sai shi. Saura cike gefe, inda layukan suka bar giɓi kamar haƙoran zarto, ciwon ƙirji ya kayar da ita, dole ta ba Jummai ta ƙarasa mata. Baƙin ƙyallen da ya rage na rigar mijinta ne, marigayi Malami, daga shi babu wani.

Jummai maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya. A shekarar da aka sami mulkin kai mijinta ya sayo mata keken ɗinki, tun daga nan kanta ya kumbura. Ta duba ƙyallen ta ce, wace ce za ta tsaya lissafin tsofaffi? Ta yayyanka ƙanana, ta raba kowanne biyu, ta murza keke. Kafin la'asar ta gama.

Da ta wanke ta shanya, sai gefen ya saki. Yankan ya ratsa zare a karkace, ya miƙe ya yi tamoji-tamoji kamar bakin tsohon faifai. Ta yayyafa ruwa, ta danne da turmi, a banza.

Ran Alhamis da hantsi ta kai wa Barira mayafin. Idon Barira ya riga ya dushe, sai ta bi mayafin da yatsu. Tsakiya ta shafa a hankali, har ta yi murmushi. Da ta iso gefe, hannun ya tsaya.

"Biyu kinka yi."

"Inna, in an kai ma masu bugu, shina kwantawa."

"Ba shi kwantawa. Akwai sauran baƙin?"

"Babu."

Barira ta juya fuskarta bango. Ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Washegari kafin a tafi masallaci rai ya yi halinsa.

Mariama ba ta iso ba sai ranar sadakar uku, ƙafafu duk taɓo. Mata na zaune a tsakar gida aka ɗauko mata mayafin, ta warware shi a kan cinya. Ta daɗe tana kallon gefen, sannan ta fashe da kuka.

"Wayyo Inna! Ashe ciwon ya daɗe shina cin hannunta, ba wanda yag gaya mani."

"Tsufa ke nan, ɗiyata," in ji Dela, ƙanwar marigayiya. "Wa za ya ce ɗinkin Barira na wanga? Ki ɓoye shi, kada mutane su gani."

Jummai tana nan zaune, bakinta ƙalau, ba abin da ya same shi. Ta tsani kanta, amma ta bar gawa da laifin.

"Yaya Jummai, kama mani mu naɗe," in ji Mariama.

Ta tashi ta kama. Suka ja, suka haɗa hannu, kusurwar Jummai ta zarce ta Mariama da taƙi guda. Suka warware, suka sake gwadawa.